Shekarar da Na Yanke Furen Albasa

Kun sha jin Hajiyarku Ladidi, Allah ya jiƙanta, tana faɗa a gaban baƙi cewa ita da warin albasa aka nemi aurenta. Kun kuma sha ji daga gidan ƙanen mahaifina, Baffa Sani, cewa lalaci ne ya hana ni zama akawu, na ƙare a lambu. Maganar farko gaskiya ce, sai dai rabinta take faɗa don a yi dariya. Ta biyun kuwa ba haka ba ce, kuma tunda duk waɗanda aka yi abin a gabansu sun riga ni tafiya, bari in rubuta muku yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

A Makera gidanmu yake, lambunmu kuma yana gangare, bakin kogi. Abin da aka san mu da shi albasa ce guda ɗaya, wadda masu lambun wajen suke kira 'yar Audu. Audu kakana ne. Shi ya zo da irinta daga ƙasar Kano lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgi, a ƙulle cikin tsumma. Ja ce, mai faɗi, mai tsukakken wuya, kuma ba ta ruɓa da wuri. A tsakiyar damina, lokacin da albasar kowa ta zama ruwa a rumfa, tamu tana nan da ƙarfinta kamar jiya aka tone ta. Mahaifina Malam Garba ya gaje ta, ya yi mata hidima duk rayuwarsa, amma ni bai bar ni na san kanta ba. Makaranta ya sa ni, yana cewa hannu ɗaya dai a gidan nan ya huta da laka. Abin da na fito da shi daga makarantar nan shi ne son karatu, musamman 'yan ƙananan littattafan da ake shanyawa a bakin tashar jirgi, na Hausa da na Turanci, masu labarin samari da 'yan mata. Na haddace su har na ɗauka haka duniya take tafiya. A cikin na Turancin, duk saurayin kirki sai ya je wurin budurwa da damin fure a hannu, ita kuma sai ta runtse ido ta shaƙa, daga nan magana ta ƙare.

Ina da shekara ashirin Baba ya rasu, cikin damina, bayan jinyar da ta cinye masa ranin da ya gabata. Saboda jinyar nan bai tara iri ba a shekarar. Albasar da ke rumfa kuwa, matan da suka zo girkin sadaka suka yi ta ɗiba, babu wanda yake da hankalin hana su. Mahaifiyata ce ta farga, ta kwashe ragowar ta tura ƙarƙashin gado. Da ruwa ya ɗauke, tana cikin takaba, sai ta jawo su ta yanke saman kowace, ta dangwala a toka, ta kira ni.

"Kai, zo nan. Goma sha huɗu ne. Ka binne su yadda wuyan zai leƙo, ruwa safe da yamma. Kada ka tsinki ko ganye ɗaya, ko da miya za ta kwana lami."

"To, Inna."

"Ba to ba. Su ke nan, babu wasu."

Ganye ta ce, ba ta ce fure ba, don bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai mai hankalin da sai an gaya masa wannan. Sauran fangalan lambun aka ba maƙwabta aro, domin Baffa Sani ya riga ya samo mini alkawarin aikin akawu a sabuwar masaƙar da ake buɗewa a Kakuri, kowa ya ɗauka gidanmu ya gama da noma. Fangali ɗayan nan kawai nake bi da ruwa. Wata uku ina yi, sai ga kowace albasa ta fid da dogayen kara, biyu ko uku, kowane da farin curi a kansa. Ban taɓa tsayawa na kalli furen albasa ba sai shekarar. Idan rana ta fito ta bugi fangalin nan, sai in ga kamar taurari ne suka gaji da sama suka sauko shan ruwa.

A lokacin kuma zuciyata ba a ƙirjina take kwana ba. Tana gidan wani mai ɗinkin hula a layinmu, wurin 'yarsa Ladidi, wadda ita take zana masa fasalin ɗinki a takarda kafin ya sa allura. Na rubuta mata wasiƙa uku, ta ce ta gode, ta yi zane a bayansu. Sai na ce a raina abin da ya rage shi ne fure. A tunanina kan albasa kamar lawashi yake, in an yanka ya sake tohowa. Kuma ga goran irin Baba yana rataye a ɗaki, ina jin ƙararsa in na girgiza. Wata Alhamis bayan la'asar na ɗauki wuƙa na bi fangalin nan kaf, ban bar ko ɗaya ba, don dami ya yi girma. Na ɗaure da zare, na sa farar rigata, na nufi gidansu ƙudan zuma suna bina.

Kakarta Iya na fara tararwa a soro tana kaɗi. Ta dubi abin da ke hannuna, ta dube ni.

"Angona, ina albasar? Ka bar mai amfanin a ƙasa ka kwaso mana gashin kanta?"

Ladidi ta fito, na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya shi.

"Malam Lawal, me ake yi da shi? Ci ake ko jiƙawa?"

"Kallo ake yi."

"To, na kalla. Sai me?"

"Sai a shaƙa."

Ta shaƙa, ta yi atishawa sau biyu, Iya ta kife da dariya har mazarinta ya faɗi. Wannan shi ne iyakar rabin da kuka sani.

Labari ya riga ni isa gida. Na sami Inna a tsaye a tsakar gida, ba ta ko amsa sallamata ba.

"Nawa ka bari?"

"Za su sake fitowa, Inna."

"Wa ya gaya maka?"

"Na ga lawashi in an yanka..."

"Albasa sau ɗaya take haihuwa, daga nan ta mutu."

Na ce ai akwai na cikin gora. Ta sauko da shi, ta barbaɗa kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye gindin randa. Kwana goma ina leƙawa, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsage ba. A nan na koyi abin da kowane ɗan mai lambu ya sani tun yana goye, cewa irin albasa ba ya daɗewa da rai, na goran kuwa ya shekara biyu. A fangali kuma uwayen suka bushe, na tona na sami ɓawo. Ranar da Inna ta yar da tsumman nan ta faɗi maganar da har yau take tashi na zaune.

"Ashe sai yanzu Malam ya gama mutuwa."

Na daina fita, na daina karatu. Ladidi ce ta aiko a kira ni, na je ina sunkuyar da kai.

"Da ka gaya mini iri ne da ban karɓa ba," in ji ta. "Amma saurara. Da daminar bara mun je kasuwar Kakuri da Iya sayen tukunya wurin matan Romi. Akwai wata da take haɗawa da albasa, ja, mai faɗi, ko tabo babu. Iya ta ce wannan ai ta Malam Garba ce. Matar ta ce a'a, ta mijinta ce, Ayuba."

Da na kai wa Inna wannan magana sai ta tuna wani abu. Ta ce Baba yakan tafi Romi kusan duk shekara bayan shiƙar iri, wai gaida wani abokinsa da suka yi aikin layin dogo tare suna samari, kuma aljihunsa yakan yi tudu in zai fita. Ba ta taɓa tambaya ba. Ranar Juma'a ce muka yi maganar. Litinin ne aka ce in je in kama aiki.

Asabar da sassafe na kama hanya a ƙasa. Na wuce Kakuri, na kalli rufin masaƙar yana walƙiya, na ce masa sai jibi. Daga nan gari ya ƙare, daji ya buɗe. Ni da na karanta kwatancin lambunan sarakuna a littafi, ban san cewa tafiyar rabin yini daga ƙofar gidanmu akwai abin da ya fi su ba. Itatuwan ɗorawa sun yi jajayen fure suna lilo a dogayen igiyoyi, kaɗanya tana ƙamshi, ga duwatsu a kwance kamar shanu, ga matan Gbagyi, waɗanda a lokacin muke ce wa Gwarawa, suna tafe a jere da kaya a kafaɗa. Su suka nuna mini gidan Ayuba a bakin rafi.

Na same shi a gindin bishiya, dattijo siriri, ƙafarsa a miƙe a kan tabarma, kurkunu ya kumbura ta. Ban gama gaisuwa ba ya katse ni.

"Goshin Garba ne wannan. Ina shi? Bara shiru, bana shiru."

Ashe bai ji ba. Ni na gaya masa. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon rafi. Sannan ya ba ni labarin da ko Inna ba ta sani ba. Tun wata shekara da kogi ya cika ya share lambunmu, suka yi shawara su raba 'yar Audu gida biyu, a ruwa biyu. In ta mutu a Makera a ɗebo a Romi, in ta mutu a Romi a ɗebo a Makera. Duk shekara kuma su yi musayar ƙulli don iri ya gauraya.

"To me ya ci naku? Ruwa ko awaki?"

Na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya kira matarsa Saratu ya maimaita mata da yarensu, ita ma ta riƙe ciki. Ya nuna mini ɗorawar da ke kanmu.

"Ga ja nan kyauta, daji guda, sai na ubanka ka gani?"

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya ce Saratu ta kai ni fadama in gani. Irinsa na bara ya zuba shi a fangalin reno, ƙafa ta kwantar da shi, rana ta cinye. 'Ya'yansa maza duk sun tafi gari neman aiki. Abin da ya rage fangali ɗaya ne na iri, fure ya buɗe, amma ƙasa ta tsattsage, kara ya fara langaɓewa. Jigon ɗiban ruwa yana tsaye babu mai ja. Saratu ce take ɗan kawo ruwa a tulu, ga ginin tukwane, ga jinya. Na koma wurinsa na durƙusa.

"Baba Ayuba, kwana nawa kafin ya ƙosa?"

"Arba'in, in Allah ya yarda. In kuma ya ƙara kwana uku a haka, ka manta da shi."

"Babu wanda zai ja jigon?"

"Kowa yana kan nasa. Kai ba ka ce jibi za ka fara zama a kujera ba?"

A littattafan da na karanta, a irin wannan wuri saurayi yakan dafa ƙirji ya yi dogon jawabi. Ni kuwa sai na tuɓe rigata na rataye a reshe, na ce Saratu ta nuna mini yadda ake kama igiyar. Na ba matan kasuwa saƙo su kai wa Inna.

Ranar Talata sai ga Baffa Sani a kan keke, gumi ya jiƙa masa babbar riga. Ya gaida Ayuba a tsaitsaye, ya gangaro fadama ya same ni cikin laka har gwiwa.

"Lawal, fito ka wanke ƙafa mu tafi. Na roƙa an ɗaga maka zuwa Juma'a."

"Baffa, sai iri ya ƙosa."

"Iri? Sau uku ina zuwa gidan manajan masaƙar nan ina cire takalmi saboda kai. Tebur ne fa, da kujera, da alƙalami. Ubanka ya sa ka makaranta don ka zo ƙauye ka ja guga?"

"Ni na kashe na gida, Baffa."

"To ka kashe, sai me? Albasa ta ƙare a kasuwa ne?"

"Wannan ta ƙare, in na tafi."

"Akwai mutum goma a bayanka suna jiran wurin nan."

"A ba ɗaya daga ciki."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya juya kekensa. Kada ku ga laifinsa, alheri yake nufi, kuma kunya na ba shi a gaban mutane. Shekara huɗu bai amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba, har ɗaurin aurena da Ladidi wani ne ya tsaya mini. Wanda aka ba kujerar na san shi, ya yi aikinsa lafiya, ya gina gida a Barnawa tun ina ɗaki biyu. Akwai shekarun da tsutsa ta shiga lambu na tuna da kujerar nan. Ba zan ɓoye muku ba.

Amma kwana arba'in ɗin nan ban taɓa yin kamarsu ba. Makon farko tafin hannuna ya fashe, Saratu ta shafa mini man kaɗe ta ɗaure da tsumma. Ta ware sabuwar tukunya, wadda na ga ginin ta da idona, tana zagaya yumɓu da baya da baya har ya tashi ya yi wuya, ta ce tawa ce ni kaɗai, babu abin da zai shiga cikinta wanda ba na ci, domin su ba Musulmi ba ne. Ta share mini wuri a gindin ɗorawa don salla. Ayuba kuma aka riƙa ɗauko shi ana ajiyewa a bakin fangali, yana koyar da ni da sanda a hannu. Kada ruwa ya taɓa fure, a ƙasa ake sakin sa. A kafa tsinke a ɗaure kowane kara saboda iska. Kada a kori ƙuda ko zuma, su ne masu aikin. Da rana in na huta, sai in fassara masa ɗan littafin da na taho da shi a aljihu, yana tsayar da ni yana tambaya, shi wannan saurayin ba shi da gona ne? Na aika wa Ladidi wasiƙa ta hannun masu tukwane, shafi huɗu. Amsarta ba kalma ko ɗaya, zanen furen albasa ne ta yi a takarda, curi bakwai a jere yadda za su zagaye hula. Ashe ta kalla da gaske.

A mako na biyu kara ya miƙe. A na huɗu farin ya kaɗe, 'yan ƙananan kwanso suka fito kore. Sai wata safiya Ayuba ya sa na tsinko ɗaya, ya murza a tafinsa, ya buɗe mini. Baƙaƙen ƙwayoyi uku, masu kusurwa, kamar garin gawayi. Muka bi kawunan ɗaya bayan ɗaya yadda suke nuna, muka shanya a tabarma, muka murje, Saratu ta shiƙe a faifai. Ayuba, wanda a lokacin ya fara takawa da sanda, ya sa gefen hannunsa ya raba tsibin gida biyu daidai.

"Kai ka fi ni haƙƙi, Baba," na ce.

"Da ba ka zo ba da tsibin babu. Ɗauki. Baɗi ina jiran ƙulli."

Inna ta karɓi 'yar tukunyar irin da na kawo, ta ɗebi kaɗan ta zuba a ƙwaryar ruwa. Kusan duka suka nutse, alamar suna da ciki. Ta rufe tukunyar da toka ta ɗaga sama, ta zuba mini tuwo, ba ta ce an yafe ba, ba ta ce ba a yafe ba. Haka muka ci damina. Na karɓo fangalanmu daga maƙwabta, na gyara jigon Baba, da ruwa ya ɗauke na yi reno na zuba iri na rufe da ciyawa.

A rana ta takwas na ɗaga ciyawar, sai ga su, fangali guda, sirara kore, kowane a lanƙwashe da kansa a ƙasa kamar mai ruku'u. Na tsaya ina kallo, sai na ji masu lambun maƙwabta suna gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Na waiga. Inna ce take gangarowa da mayafinta, ita da ba ta taka hanyar kogin nan ba tun da aka fita da Baba. Ta zo ta tsuguna, ta sa yatsa ta taɓa ƙasar, ta bi layin da ido har ƙarshe.

"Ka cika hannu wajen zubi. Sai an rage, in ba haka ba su shaƙe juna."

"To, Inna."

"Kuma ciyawar nan a ɗage ta yau, sun isa ganin rana."

Ta miƙa hannu, na ba ta ƙwaryar ban ruwa. Ta fara yayyafawa da yatsu, a hankali, ba ta dube ni ba.

"Akwai koko a murhu. Jeka ka karya, mai lambu, zan tsare maka."

Da wannan sunan ta riƙa kirana har ta koma ga Allah. Kokon kuwa ya huce a murhu, domin ban tafi ba. Na zauna a bakin fangali na bar ta ta gama layin.